Masu Lamba Sun Zo Dosara

Dosara, ƙasar Maradun
4 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga bawana Hayatu tela, bakin tasha, Talata Mafara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ni Baturiya, ɗiyar kawunka, wadda ka manta da ita tun da ka koyi cin burodi da shayi. Ina fata kana lafiya, kai da Taibatu da yara. Mu nan sai godiya. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko keken ɗinkin ne ya ɗinke maka ƙafa, wata uku uwarka ba ta sa ka a ido ba. Gwiwarta ta yi sauƙi, har bakin rijiya take zuwa. Ɗiyata Turai ta yi famfara, tana ta bin mutane tana nuna musu wawulo.

Bayan haka, ba wasa ya sa na ɗauki biro ba. Sanƙarau ya shigo mana. A Damaga an ce mutum biyar cikin mako ɗaya. Nan unguwarmu ta gangare ya ɗauki ɗiyar Nagode mai saƙa, wadda suke 'yar carafke tare da Turai. Da hantsi ta ce kanta na ciwo, da la'asar wuya ya sandare, washegari kafin azahar an kai ta. Na je gaisuwa na dawo na hana Turai fita ko ƙofar gida.

Ka san huɗu na haifa. Uku suna ƙasa, ubansu ya bi su. Turai kaɗai Allah ya bar mini, shekara shida, kuma tsoro nake ji, Hayatu. In ta yi atishawa sai na taɓa mata wuya. Har ta fara gudu na, tana cewa Inna ta cika taɓe-taɓe.

Mai gari ya sa an yi shela cewa masu lamba za su zo, su yi wa yara a dantse, kamar yadda aka yi mana ta agana muna ƙanana. To gari ya rabu biyu. Wasu sun ce rahama ce. Wasu sun ce daga ƙasar Turawa aka kawo ta, kuma mutanen da suka tare mana gulbi suka cinye mana fadama ba za su dawo su ba mu abin arziki kyauta ba. Ni kaina ya ɗaure. Ba ni da miji, ba ni da wa, Gwaggo kuma duk wanda ya shigo ƙarshe maganarsa take bi.

Kai ne kake zaune inda manya suke magana. In kai ta, ko in hana? Abin da ka ce shi zan yi. Na ba Yakubu direba wannan takarda, ka ba shi amsa ya juyo da ita.

Wassalam. Uwargijiyarka, Baturiya.

*

Talata Mafara
9 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Baturiya, mai kiran kanta uwargijiyata.

Ina gaishe ki gaisuwar zumunci, tare da fatan kun tashi lafiya. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ɗanta yana nan da rai, aiki ne ya danne shi. Ki ja kunnen Turai. Taibatu da yara lafiyarsu ƙalau, sai ƙaramin da ya yi zawo ya warke. Tun Sallar layya ban ga ko layi ɗaya daga hannunki ba. Ashe aji huɗun da kawu ya sa ki a Maradun asarar alli aka yi.

Mu nan siyasa ta buɗe mana kasuwa. Mutum biyu ke neman kujerar majalisa a ƙasarmu, Alhaji Gajere ɗan kwangila da Malam Ɗantala tsohon malamin makaranta. Tutar wannan nake ɗinkawa da safe, ta wancan da yamma, da zare ɗaya. Kowanne ya ɗauka ni nasa ne, ni kuwa na cikina ne.

Ranar kasuwa kowa ya hau bayan mota ya yi ta ɓaɓatu. Alhaji Gajere ya ce Turawa abokan arziki ne, sun taimaka an gina dam, yanzu sun aiko da allurar rigakafi kyauta, wanda ya ƙi ta maƙiyin ci gaba ne. Ya ce haraji kuwa dole ne, in ba a biya ba da me za a sa wa motar masu allura mai? Aka tafa. Can gefen 'yan goro Malam Ɗantala ya ce babu kyauta a hannun Bature, tsutsar da ke bakin ƙugiya ma kyauta kifi ya gan ta. Ya ce wanda ya rubuta sunan ɗanka yau don allura, gobe da wannan takardar zai zo karɓar harajin kansa. Shi in ya hau zai soke haraji da jangali rana ɗaya. Aka tafa. Wallahi na ga mutum ɗaya ya tafa wa dukansu biyu, sannan ya tambaye ni wanne ne Gajeren.

Yanzu ki ajiye dariya ki karanta wannan da kyau, don shi ya sa na rubuto. Wani ɗan Damaga ya kawo mini ɗinki, ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci. Masu lamba sun gama da su, Dosara suka nufo. Sauri suke yi su gama da ku kafin damina. Kada ki yarda, Baturiya. Wanda aka yi wa lamba ya shiga littafinsu, ba shi da sauran magana ko wurin wa ya kai kuka. Duk gidan da suka shiga a Damaga yanzu da-na-sani ake yi. In sun zo ki ce babu namiji a gidan, ki ƙi, ko mai gari ne ya rako su. Ki jira sai na zo mun tsaya tare.

Gobe Alhaji zai kwashe mu da kekunanmu zuwa Bakura, akwai babban taro, za mu yi kamar wata ɗaya. Na ba wani ɗan koli wannan, ya ce ta Dosara zai bi.

Haza wassalam. Hayatu, wanda ba bawan kowa ba ne.

*

Dosara
24 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga bawana Hayatu.

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, ni da Gwaggo da Turai, sai zafi da ya fara matsa mana. Allah ya ƙara wa ƙaramin Taibatu lafiya. Takardarka ta iso. Da na ga ka ce ba ka ga layi daga hannuna ba, na ce wannan bawa ba ya gajiya da tsokana, ga amsar tambayata a ƙasa ɓaro-ɓaro.

Na yi yadda ka ce. Ranar Laraba suka iso cikin farar mota, suka zauna ƙarƙashin tsamiyar ƙofar mai gari da wani ƙarfe kamar bindiga, ana taka shi da ƙafa. Yara suka yi layi har bakin masallaci. Ni kuwa na ɗaga Turai na saka ta rumbun dawa, na ba ta ƙuli-ƙuli biyu, na mayar da murfi.

Gwaggo ta ce, "Ke Baturiya, mi kika yi haka? Ɗiyan mutane duk sun tafi, ke kin saka taki rumbu kamar dawa?"

Na ce, "Gwaggo, ki bar ni. Na san abin da nake yi."

Ban gaya mata kai ka ce ba. Ka san bakinta, kafin azahar mai gari ya ji, a ce kai ke zuga mutane daga Mafara, Alhajinka ya kore ka.

Da rana ta take sai ga wata ma'aikaciya ta yi sallama ta shigo har tsakar gida, wata doguwa mai tabarau, gumi ya jiƙa mata riga. Ta ce an gaya mata akwai yarinya a gidan nan. Na ce babu. Ta dubi takalmin Turai a bakin ɗaki, ta dube ni.

Ta ce, "Baiwar Allah, wannan takalmin fa?"

Na ce na ɗiyar maƙwabta ne.

Ta ce, "Ni ba 'yar siyasa ba ce, ni ma uwa ce. Ba za mu dawo ba, maganin kaɗan ne kuma ba ya jure zafi. In akwai ta, ki fito da ita."

Wallahi, Hayatu, saura ƙiris in buɗe rumbun. Idon matar nan ba na macuciya ba ne. Sai na tuna ka ce ko mai gari ne ya rako su, na daure na ce mata ta gaida gida. Ta daɗe a tsaye kafin ta fita. Da motarsu ta tashi na fito da Turai, ƙaiƙayi ya ci mata jiki, tana kuka wai an yi wa kowa lamba ita an hana ta. Mu gida shida ne muka ɓoye yara a unguwar. Biyu a cikinsu ni na gaya musu a asirce cewa mai ido a birni ya ce kada a yarda.

Ciwon bai tsaya ba. An kai mutum huɗu tun bayan takardata. Amma tun da ka ce, hankalina ya ɗan kwanta.

Af, na kusa mantawa. Washegarin zuwan masu lamba wasu mutum uku suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, suka rubuta 47 a bangon zaure, babba, daga bakin hanya ana gani. Suka leƙa suka ƙirga ɗakuna, suka sa Gwaggo ta dangwala yatsa a takarda. Mutanen kirki ne, har fura ta dama musu. Duk gangare an yi wa kowa. Turai ta ce gidanmu ya yi ado.

Yakubu zai ajiye maka wannan a shagonka, ban san wanda ke zuwa Bakura ba.

Wassalam. Baturiya.

*

Bakura
15 ga Maris, 1979

Baturiya,

Ina gaishe ku, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ku uku. Ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya Taibatu ta aiko mini da takardunki biyu a haɗe. Ta fari ta yi kwana ashirin a aljihun motar Yakubu, mota ta lalace a hanyar Gusau, ya manta da ita. Ranar da na rubuta miki, wallahi tallahi ban ga tambayarki ba. Ba tsokana ba ce. Ba amsa na ba ki ba.

Masu lambar da na ce ki ƙi su ne masu jan fentin nan. Su ne masu sa wa gidajen da ruwan dam zai ci lamba. In suka sa ba mai gida a tsaye, abin da suka ga dama suke rubutawa, ba rumbu, ba rijiya, ba itace, kuma in an dangwala yatsa magana ta ƙare. Su na ce ki rufe wa ƙofa. Mu a nan allura muke ce wa ɗayar, shekara tara ina jin allura, allura, har na manta cewa a gida lamba muke ce mata. Yarana uku da hannuna na kai su aka yi musu tun watan jiya. Da na ga tambayarki, kalma biyu zan rubuto, kai ta.

Na karanta maganar rumbu na rasa inda zan sa kaina. Gidan ya tafi, ya tafi, ban damu da shi ba yanzu. Turai nake ji.

Na bar keke na shiga wurin Alhaji Gajere, na durƙusa na gaya masa komai. Na ce ranka ya daɗe, kai ka ce allurar nan rahama ce, ka sa baki motar ta koma Dosara ko na awa ɗaya. Ya ce, "Hayatu, ƙauyen da ya ɓoye yara ƙauyen Ɗantala ne. Su je ya ba su. In na hau, su biya haraji, a kai musu." Ya tambaye ni ko tutocin gobe sun kammala.

Da la'asar na sami Malam Ɗantala a masaukinsa, na ce ga abin da maganarka ta jawo, mutane sun ji tsoro. Ya ce shi bai ce kowa ya ƙi allura ba, cewa ya yi a yi hattara da littafi. Na ce naka yaran fa? Ya ce uwarsu ta kai su, bai hana ba. Ya ce ai wannan labarin naka abin faɗa ne a taro, a nuna yadda gwamnati ta rikita talaka, in ba shi sunan yarinyar. Na tashi na fito ban yi masa sallama ba.

Ga abin da za ki yi. Wannan takarda na isowa, kada ki jira gari ya waye sau biyu. Ki goya Turai ki kai ta Maradun, an ce akwai ragowar allura a wurin malamin asibiti. Ki gaya wa sauran gidaje biyar ɗin su bi ki. Ki ce musu mai ido a birni makaho ne. Ni gobe zan wuce Gusau, an kwatanta mini wani mai kantin magani da ke iya samo ta. Ko keken ɗinkin zan sayar. Na bar wa Alhaji tutocinsa a yanke.

Na ɗauki mai keke musamman ya kawo miki wannan hannu da hannu. Ki yafe mini, 'yar'uwata.

Hayatu.

*

Dosara
25 ga Maris, 1979

Zuwa ga Hayatu, a Gusau.

Ina gaishe ka. Ina fata ka sauka lafiya. Yakubu ya ce ya san masaukinka, ya ce kana can kana jiran a kawo allura daga Kaduna. Ka dawo, babu mai buƙatarta.

Takardarka ta iso ranar Asabar. Lahadi da sassafe na goya Turai, mu da matan gidaje huɗu, muka taka har Maradun. Malamin asibiti ya buɗe mana akwatin sanyi ya nuna mana, babu ko kwalba ɗaya. Ya ce kwana tara ke nan da ƙarewarta, an ce sai masu bayarwa sun sake aikowa daga ƙasarsu, bai san yaushe ba. Har ya ba mu ruwa muka sha. Muka juyo cikin rana. A hanya Turai ta sauka ta yi ta tsinkar magarya tana zuba mini a zane.

Talata da hantsi ta ce kanta na ciwo. Na taɓa wuyan, yana lanƙwasa, na ce rana ce. Da la'asar na ce ta dubi cibiyarta, ta kasa. Balarabe mahauci ya ɗauke mu a amalanke muka koma Maradun. Sun yi mata allurar ciwon, sun yi iya yinsu, ba zan ɗora wa kowa ba. Ta yi kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Ranar Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Yau aka yi sadakar uku.

Cikin gidaje shidan da muka ɓoye yara, uku an yi rashi. Ɗaya a ciki gidan Hindu ne, wadda ni na je har ɗakinta na ce mata kada ta yarda. Ta zo mini gaisuwa, na je mata. Ta shimfiɗa mini tabarma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya motar ɗan takara ta shigo da lasifika, ban san ta wanne ba ce. Suka tsaya daidai zaurenmu, mutane na zaman makoki, suna ta maganar haraji. Liman ya tashi ya roƙe su suka matsa gaba. An ce kafin damina za a tashe mu daga gangare. Na tambayi mai gari maƙabarta fa, ya ce ita ba ta cikin lissafi.

Ka ce in yafe maka. Na karanta takardarka ta fari ya fi sau ashirin, ina neman inda zan kama ka. Babu. Abin da ka rubuta gaskiya ne, abin da na karanta ma yana nan a rubuce. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da naka. Matar nan ta tsaya a tsakar gidana ta roƙe ni, ɗiyata na taku biyar daga inda take. Ba kai ka riƙe murfin rumbun ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, ka karanta shi sau biyu, kalmomin ba su da wata ma'ana sai wadda ka gani. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Baturiya, wa ac ce miki ki ɓoye ta?" Na ce babu kowa, ni kaɗai na ga dama. Ta tambaye ni sau uku, sau uku na ba ta amsa ɗaya. Tun ranar ba ta ci tuwon da na tuƙa ba. In na shiga ɗaki ta juya fuska bango. Ita ta yi mini wankan jegon Turai, a bayanta yarinyar ta yi wayo, ban ga laifinta ba.

Na san halinka. Za ka shigo ka faɗi gabanta kana kuka ka ce kai ne. Kada ka yi. Takardunka biyu na saka su murhu, babu mai shaida sai ni, kuma zan ƙaryata ka a gabanta. Ka zo ka yi mana ta'aziyya kamar kowa, ka ci abin da aka ba ka, ka koma wurin yaranka.

Gwaggo ta tsufa, dole ta sami wanda za ta ƙi, ni kuma zan iya ɗauka, ba ni da sauran abin da za a karɓe mini. Kai kaɗai gare ta, Hayatu. Ni na san yadda ake kwana in ɗaya gare ka aka raba ka da shi, ba zan so mata ba.

Wassalam. Baturiya.